Jinya Tsakanin Gida da Asibiti: Nazarin Ayyuka da Nauyin Mataimakan Ma'aikatan Jinya a Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin ayyukan da mataimakan ma'aikatan jinya suke gudanarwa a ɗakunan kwantar da marasa lafiya, da irin nauyin da aikin yake ɗora musu idan majinyacin Bahaushe ne. Manufarta ita ce fito da gurbin da harshe da al'ada suke da shi a cikin aikin da akasari ake ɗauka na ƙarfin jiki ne kawai. An bi hanyar bitar rubuce-rubuce da ƙwanƙwance kalmomi da lura da yadda jinya take gudana, sannan an ɗora aikin a kan ra'in buƙatun majinyaci na Virginia Henderson. Nazarin ya gano cewa aikin da asibitin zamani ya keɓe wa mataimaki shi ne ainihin abin da Bahaushe yake kira jinya, kuma a al'adance haƙƙin dangi ne. Saboda haka aikin ya rabu tsakanin mataimaki da ɗan'uwan da yake zaman jinya, ba tare da an shata wa kowa iyaka ba. An kuma gano cewa kunya da sakaya zance suna iya ɓoye alamomin da rayuwar majinyaci ta rataya a kansu.

Fitilun Kalmomi: jinya, majinyaci, mataimakin jinya, kunya, sakaya zance, asibiti

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin al'adun Hausawa sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan magani da masu bayar da shi. An yi nazarin boka da ɗan bori da wanzami da maɗori da ungozoma da malamin tsibbu. Ayyuka irin su na Wall (1988) a kan cuta da lafiya a tunanin Bahaushe, da na Bunza (1995) a kan magungunan Hausa a rubuce, sun shimfiɗa tubali mai ƙwari a wannan fage. Sai dai akasarin hankali ya karkata ga mai ba da magani. Wanda yake kwana a gefen shimfiɗar mara lafiya, yana tayar da shi, yana wanke shi, yana kwashe abin da ya fita daga jikinsa, bai sami irin wannan kulawa ba.

A asibitin zamani ma haka abin yake. Likita yakan zagaya marasa lafiya ya duba su na 'yan mintuna, ya rubuta magani ya wuce. Nas takan yi allura, ta sa ƙarin ruwa, ta wanke rauni, ta cike takardu, kuma marasa lafiyar da ke hannunta suna da yawa. Sauran sa'o'in yini da dare kuwa, majinyaci yana hannun mutum biyu ne: mataimakin da asibiti ya ɗauka aiki, da ɗan'uwan da ya baro gida ya zo zaman jinya. Abin da waɗannan biyu suka yi ko suka bari yana iya zama sanadin a sallami mutum da ƙafafunsa, ko ya fita da gyambon da bai zo da shi ba.

Tambayoyin da maƙalar take son amsawa uku ne. Waɗanne ayyuka ne suka rataya a wuyan mataimakin jinya? Wane nauyi ne harshen Hausa da al'adar Hausawa suke ƙara wa waɗannan ayyuka? Yaya aikin yake rabuwa tsakanin mataimaki da dangin majinyaci?

1.1 Farfajiya da Dabarun Bincike

An taƙaita nazarin a kan ɗakunan kwantar da manya, maza da mata, a asibitocin da Hausawa suka fi yawa a cikin majinyatansu. Ba a shiga ɗakin tiyata da sashen jarirai ba, domin aikin can yana da nasa tsari na musamman. An yi bitar rubuce-rubuce a kan jinya da maganin gargajiya, an tattaro kalmomi da jimlolin da Hausawa suke bayyana ciwo da su a maganar yau da kullum, sannan an auna su da buƙatun aikin asibiti.

1.2 Ra'in Bincike

Virginia Henderson (1897-1996) ma'aikaciyar jinya ce Ba'amurkiya. A ganinta, aikin jinya shi ne a taimaki mutum ya yi abubuwan da zai yi wa kansa da a ce yana da ƙarfi ko niyya ko sani, kuma a taimake shi ta yadda zai koma dogaro da kansa da wuri. Ta jero buƙatu 14, waɗanda suka haɗa da numfashi, ci da sha, fitar da bawali da bayan gida, motsi da gyara kwanciya, barci, sutura, daidaita zafin jiki, tsafta, kauce wa haɗari, bayyana abin da ke rai, da yin ibada gwargwadon addinin mutum.

An zaɓi wannan ra'i ne saboda dalilai biyu. Na farko, mafi yawan buƙatun da ya jero suna hannun mataimaki ne a aikace. Na biyu, ya sanya magana da ibada a sahu ɗaya da ci da sha, wanda hakan ya buɗe ƙofar shigar da harshe da al'ada cikin nazarin.

2.0 Kalmar Jinya da Dangoginta

Kalmar jinya, wadda wasu karuruwan harshe suke furtawa da jiyya, tana da fuska biyu. Idan aka ce "Audu yana jinya", ana nufin shi ne ba shi da lafiya. Idan aka ce "Audu yana jinyar mahaifinsa", ana nufin shi ne mai kula da mara lafiya. Haka nan "mai jinya" yana iya zama wanda ke kwance, yana iya zama wanda ke zaune a gefensa, muhallin magana ne yake bambancewa. Wannan tagwayen ma'ana yana nuni da yadda Bahaushe yake kallon lamarin: ciwo idan ya kwantar da mutum ɗaya, ya ɗaure aƙalla mutum biyu.

Hausar zamani ta keɓe "majinyaci" ga mara lafiya, ta kuma ƙirƙiri "ma'aikacin jinya" ga wanda ya yi karatun aikin, ko da yake a bakin jama'a nas da sista da malamin asibiti sun fi yawo. Abin lura shi ne, ma'aikacin da ke ƙarƙashin nas ba shi da tsayayyen suna. Wani ya kira shi nas, wani ya kira shi likita saboda ya gan shi da kayan aiki, wani kuma ya haɗa shi da masu shara ya ce leburan asibiti. Kowane daga cikin sunayen nan yana da illa. Wanda aka kira likita za a tambaye shi abin da ba huruminsa ba, wanda aka kira lebura kuwa ba za a saurari gargaɗinsa ba. A wannan maƙala an yi amfani da "mataimakin jinya" ga ma'aikacin asibiti, da "ɗan zaman jinya" ga ɗan'uwan majinyaci.

2.1 Jinya a Gargajiyar Bahaushe

A gargajiyance, ba da magani sana'a ce, jinya kuwa zumunci ce. Maɗori yakan ɗora karaya ya tafi, wanzami yakan yi kaciya ko ƙaho ya karɓi ladansa, amma wanka da ciyarwa da kwana da mara lafiya na 'yan gida ne. Mace takan yi jinyar mijinta, ɗa namiji ya yi ta mahaifinsa, 'ya mace ta yi ta mahaifiyarta. Al'adar goyon ciki, inda mai cikin fari take komawa gidan iyayenta, da wankan jego na kwana 40 a ƙarƙashin kulawar wata dattijuwa, misalai ne na jinyar da al'ada ta tsara ta kuma zaɓi wanda zai yi ta. Ungozoma ce kaɗai ta yi kama da mataimakin jinya na yau, domin ita bare ce da aka yarda ta ga tsiraici ta taɓa jini, kuma yawanci sai da shekaru suka ja ake ba ta wannan izini.

Musulunci ya ƙarfafa wannan tsari. Duba mara lafiya yana cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa, kuma tarihi ya adana labarin Rufaida Al-Aslamiyya, wadda take da tanti a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni, ciki har da Sa'adu bn Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ. Ke nan Bahaushe ya zo asibiti da riga-kafin fahimta cewa jikinsa na danginsa ne su kula da shi, kuma jinya aikin lada ce.

2.2 Matsayin Mataimaki a Tsarin Asibiti

A Nijeriya, Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozomanci, wadda dokar soja mai lamba 89 ta 1979 ta kafa, ita take rajistar nas da ungozomar zamani. Jami'an kiwon lafiyar al'umma su ma suna da tasu hukumar rajista. Mataimakin jinya ba ya cikin waɗanda hukumar jinya take ba lasisi. Yana aiki ne a ƙarƙashin umarnin nas, kuma nas ce take ɗauke da alhakin abin da ta wakilta shi ya yi. Ba huruminsa ba ne rubuta magani ko yin allura ko fassara sakamakon gwaji.

Wasu ƙasashe sun ga illar barin wannan rukuni ba tare da tsayayyen horo ba. A Amurka, wata doka ta 1987 ta wajabta horon aƙalla sa'o'i 75 ga mataimakan da ke aiki a gidajen kula da tsofaffi da marasa lafiya waɗanda gwamnatin tarayya take biya wa kuɗin kulawa. A Ingila, rahoton Francis na 2013 a kan asibitin Stafford ya bayyana yadda aka bar majinyata cikin shimfiɗar da suka ɓata, wasu ba a taimake su sun ci ko sun sha ba. Bayan wannan ne aka yi bitar Cavendish a shekarar, sannan a 2015 aka fito da takardar shaidar kulawa mai ma'aunai 15 domin sababbin mataimaka. Darasin da ke ciki shi ne, abin da ya jawo wa wancan asibiti abin kunya ya haɗa da sakaci a ayyukan da ake raina su: ruwan sha, fo da zanen gado.

3.0 Ayyukan Mataimakin Jinya

3.1 Tsaftar Jiki da Kewayawa

Majinyacin da ba ya iya tashi ana yi masa wanka a kan gado, a fara daga fuska a gangara, a bar al'aura zuwa ƙarshe, ana buɗe gaɓar da ake wankewa kawai. Ana goge baki da haƙora, musamman ga wanda ba ya cikin hayyacinsa, domin bakin da ba ya ci yakan bushe ya tara ƙwayoyin cuta. Ana kawo fo a kan lokaci, a tsarkake mutum, a sauya zanen da ya jiƙe. Ga Musulmi, wannan aiki yana da alaƙa kai tsaye da salla. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaure, irin su Ahalari, sun yi bayanin taimama da sallar zaune da ta kwance. Majinyacin da ya san waɗannan hukunce-hukunce zai nemi a gusar masa da najasa, a miƙo masa dutsen taimama, a nuna masa alƙibla. Mataimakin da ya gane haka ya biya buƙatu biyu na Henderson a aiki ɗaya.

3.2 Juyawa da Ɗagawa

Idan nauyin jiki ya daɗe a kan wuri ɗaya, yakan danne ƙananan hanyoyin jini, fata da naman da ke ƙarƙashinta su rasa abinci su mutu. Wannan shi ne gyambon kwanciya. Ya fi fitowa inda ƙashi ya kusanci fata: ƙashin gindin baya, duga-dugai, kwatangwalo, kafaɗu da ƙeya. Danshin fitsari da rama da ciwon suga suna gaggauta shi. Ƙa'idar da aka saba koyarwa ita ce a juya wanda ba ya iya motsi bayan kowace sa'a 2, a duba fatarsa, a tabbatar zanen gado a miƙe yake kuma a bushe. A baƙar fata jan da ke nuna farkon gyambo ba ya fitowa sosai, don haka sai an lura da wurin da ya ƙara duhu, ko ya yi ɗumi, ko ya taurare. Gyambon da sakacin 'yan kwanaki ya haifar yana iya cin watanni bai warke ba, kuma yana iya kai ƙwayoyin cuta cikin jini.

Ɗaga babban mutum daga gado zuwa keken marasa lafiya yana buƙatar dabara, kuma sau da yawa mutum biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma a aikin dare mataimaki yakan sami kansa shi kaɗai. Daga nan ciwon baya yake samo asali, wanda sananne ne a tsakanin masu wannan aiki.

3.3 Ciyarwa da Shayarwa

Wanda ya sami shanyewar ɓarin jiki yakan rasa ikon haɗiya yadda ya kamata. Idan aka ɗura masa kunu yana kwance, abincin yana iya bin hanyar iska ya sauka a huhu ya haifar da ciwon huhu mai kisa. Saboda haka ana zaunar da shi sosai, a ba shi kaɗan-kaɗan, a jira ya haɗiye, a bar shi a zaune na ɗan lokaci bayan ya gama. Akwai kuma wanda likita ya hana ci da sha saboda za a yi masa tiyata. A nan ne tausayin dangi yake karo da umarnin asibiti, domin a wurin Bahaushe cin abinci alamar samun sauƙi ce, kuma mai dubiya ba ya zuwa hannu rabbana. Wani zai kawo fura, wani ya kawo rubutu ko jiƙo. Mataimaki shi ne yake wurin a lokacin da ake buɗe kwanon, kuma shi ne zai hana ba tare da ya nuna raini ga abin da mutane suka yi imani da shi ba.

3.4 Sa Ido da Kai Rahoto

A inda aka horar da shi, mataimaki yakan auna zafin jiki da bugun jini da numfashi. Zafin jikin baligi mai lafiya yana wajen digiri 37 a ma'aunin Salsiyos, bugun zuciya tsakanin 60 da 100 a minti ɗaya, numfashi tsakanin 12 da 20. Yakan kuma auna ruwan da majinyaci ya sha da fitsarin da ya fitar, domin raguwar fitsari tana cikin alamomin farko na gazawar ƙoda ko ƙarancin ruwa. Ko bai riƙe ma'auni ba, shi ne yake fara ganin cewa wanda ya yi hira da safe ya fara sambatu da la'asar, ko bayan gidansa ya koma baƙi. Aikinsa a nan shi ne ya sanar da nas nan take, da kalmomin da ba su da harshen damo.

4.0 Nauyin da Aikin Yake Ɗorawa

4.1 Kunya da Al'aura

Kirk-Greene (1974) ya lissafa kunya a cikin siffofi goma na mutumin kirki a wurin Bahaushe, tare da gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da ladabi da mutunci da hikima da adalci. Gadon asibiti yana tilasta wa mutum ya ajiye wannan siffa a gaban baƙo. Dattijon da 'ya'yansa ba su taɓa ganin kansa ba hula ba, sai ga shi yaro sa'an jikansa yana sa masa fo. Ana cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma karin maganar ba ta rage zafin abin ga wanda ake yi wa wankan.

Illar kunya ba ta tsaya a rai ba. Majinyaci yakan rage shan ruwa don kada ya nemi fo, ko ya riƙe bayan gida har cikinsa ya ɗaure, ko ya ɓoye cewa ya jiƙa shimfiɗa har fatarsa ta saluɓe. Haka nan dangantakar kunya takan hana ɗan zaman jinya yin aikin da aka zaci zai yi. Suruka ba za ta buɗe jikin uwar mijinta cikin sauƙi ba, uwa kuma takan yi alkunya ga ɗanta na fari. Mataimakin da ya san wannan yakan ja labule, ya sallami 'yan dubiya, ya kira majinyaci da Baba ko Inna ko Malam, ya nemi izini kafin ya ɗaga mayafi, kuma ya yi ƙoƙari namiji ya kula da namiji, mace ta kula da mace. Kiran mutum da lambar gadonsa ko da sunan cutarsa yana rushe duk wannan.

4.2 Sakaya Zance

Bahaushe ba ya kiran abin kunya da sunansa, kuma ba ya son ya yi ƙorafi a kan ƙaddara. Ga wasu misalai daga maganar yau da kullum:

1. "Jiki da sauƙi, alhamdu lillahi." Amsar gaisuwa ce, ana ba da ita ko ciwo ya tsananta.
2. "Ina so in kewaya" ko "in kama ruwa." Buƙatar bayan gida ko fitsari.
3. "Ina fashin salla." Jinin haila.
4. "Na yi ɓatan wata." Haila ba ta zo ba, wataƙila ciki ne.
5. "Ina fama da sanyi." Yana iya zama mura, ko ciwon gaɓoɓi, ko cutar al'aura.
6. "Zuciyata tana tashi." Jin amai, ba ciwon zuciya ba.
7. "Gabana yana ciwo." Gaba yana iya zama ƙirji, yana iya zama al'aura.

Misali na 1 ya fi sauran haɗari. Idan ma'aikaci ya tambaya "Yaya jiki?" ya rubuta amsar a matsayin rahoto, ya rubuta ladabi ne a gurbin bayani. Tambayar da take fito da gaskiya ita ce wadda ta keɓe abu: "Ka yi barci jiya?", "Sau nawa ka kewaya?", "Nuna mini wurin da hannunka." Misali na 4 yana da muhimmanci kafin a ɗauki hoton ƙashi ko a ba da wasu magunguna, kuma mace ta fi faɗa wa mataimakiyar da take yi mata wanka fiye da likita namiji da ke tsaye da ɗalibai a bayansa. A asibitocin da likita ko nas ba sa jin Hausa sosai, mataimaki yakan zama tafinta ba tare da an koya masa tafinta ba. Idan ya juya misali na 6 kalma da kalma, zai tura likita neman ciwon da babu shi.

4.3 Haɗarin Kamuwa da Cuta

Mai taɓa jini da amai da fitsari shi ne a bakin haɗari. Tarihin zazzaɓin Lassa shaida ne. An gano cutar a 1969 bayan wata nas ta mishan, Laura Wine, ta kamu a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, aka kai ta Jos ta rasu a can. Charlotte Shaw, wadda ta yi jinyarta, ita ma ta kamu ta rasu, sannan nas ta uku, Lily Pinneo, ta kamu aka kai ta Amurka ta warke. Tun daga farkonta, cutar ta bi hannun masu jinya ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2009, ta ayyana lokuta 5 na tsaftace hannu: kafin taɓa majinyaci, kafin aikin da ke buƙatar cikakkiyar tsafta, bayan haɗuwa da ruwan jiki, bayan taɓa majinyaci, da bayan taɓa kayan da ke kewaye da shi. Cika wannan yana buƙatar ruwa da sabulu da safar hannu a kusa. Akwai kuma nauyin al'ada, domin majinyaci yana iya fassara safar hannu da takunkumi a matsayin ƙyama. Jimla ɗaya ta bayani, cewa kariya ce gare su duka biyu, takan kawar da wannan zato.

4.4 Rabon Aiki da Ɗan Zaman Jinya

A yawancin asibitocin gwamnati na ƙasar Hausa, ba a rasa ɗan'uwa a gefen kowane gado. Shi yake sayo magani, ya kai jini ɗakin gwaji, ya kawo abinci, ya wanke tufafi, sau da yawa kuma shi yake zubar da fo. Wannan taimako ne babba, kuma ya dace da tunanin da aka bayyana a 2.1. Matsalar ita ce ba a faɗa masa iyakarsa. Yakan zubar da fitsarin da ke cikin jakar roba don tsafta kafin a auna shi. Yakan ƙara gudun ƙarin ruwa don ya ƙare da wuri. Yakan bar mara lafiya a kwance gefe ɗaya yini guda saboda tausayin kada a motsa shi ya ji zafi. Shi kuma mataimaki yakan ɗauka cewa tun da dangi suna nan, wanka da juyawa sun fita daga wuyansa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma a wannan tsaga ce gyambon kwanciya yake samun gurbi.

Nauyi na ƙarshe shi ne na ajali. Idan rai ya yi halinsa, mataimaki yana cikin masu rufe idon mamaci, su daidaita gaɓoɓinsa, su lulluɓe shi, yayin da dangi suke gaggawar a sallame su don su yi jana'iza a ranar. Daga nan zai gyara gadon ya karɓi wani. Wannan gajiya ce ta zuciya wadda ba a lissafa ta a cikin albashi.

5.0 Sakamakon Bincike

Nazarin ya fito da abubuwa huɗu. Na farko, ayyukan mataimakin jinya sun yi daidai da abin da al'adar Hausawa ta ɗora wa dangi, shi ya sa ake kallonsa a matsayin baƙo a aikin 'yan gida. Na biyu, rashin tsayayyen suna a Hausa yana sa a ɗora shi sama da matsayinsa ko a ajiye shi ƙasa da shi. Na uku, kunya da sakaya zance suna shafar sahihancin bayanin da yake isa ga nas da likita, kuma mataimaki ne mashigar wannan bayani. Na huɗu, rashin shata iyaka tsakaninsa da ɗan zaman jinya yana barin wasu ayyuka ba mai yi.

5.1 Shawarwari

Ya kamata sassan nazarin Hausa su haɗa kai da makarantun koyon aikin jinya da na kiwon lafiya wajen tattara ƙaramin ƙamus na kalmomin bayyana ciwo da sakayayyun zantuka, tare da bambancin karin harshe. Ya kamata asibitoci su tanadi taƙaitaccen bayani da Hausa, a boko da ajami da kuma ta baki, wanda za a yi wa kowane ɗan zaman jinya ranar da aka kwantar da ɗan'uwansa, a nuna masa abin da zai yi da abin da zai bari. Haka kuma akwai buƙatar hukumomin lafiya su tsayar da mafi ƙarancin horon da za a ba mataimaki kafin ya taɓa majinyaci, a sanya ladubban magana da kiyaye al'aura a cikinsa.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta bibiyi kalmar jinya daga gida zuwa asibiti, ta jero ayyukan mataimakin jinya, ta kuma nuna nauyin da kunya da harshe da haɗarin cuta da rabon aiki suke ɗora masa. An ga cewa aikin yana buƙatar sanin jiki da sanin mutane a lokaci guda. Fagen yana nan a buɗe ga masu nazari, musamman ta fuskar naɗar hirar da take gudana a gefen gado da ƙwanƙwance ta, da kwatanta kalmomin ciwo a karuruwan Kano da Sakkwato da Katsina da Damagaram.